Kwana huɗu a zangon karaban na Ferry Meadows, ni da Umma

Umma ta zo mana Lesta ta ƙasar Ingila a farkon watan Afrilu, kafin tayi sati uku na fara ganin ta sauya. Mace ce da a Kano ƙofar gidanta bata rufuwa tun hantsi har bayan isha'i, wannan ta shigo aron turmi, waccan ta kawo yaro a taɓa mata jikinsa ko zazzaɓi ne, ga almajirai ga 'yan talla, sai gata a gidan da kowa ya kulle ƙofarsa, ni ina asibiti aikin awa 12, maigidan yana nasa wajen, yara suna makaranta. In na dawo sai in tarar da ita a kujera ɗaya gefen taga da carbi a hannu, ta ɗan ɗage labule tana kallon titin da babu kowa sai motoci a fake. Bata taɓa yin ƙorafi ba kunsan halin iyayenmu, amma ranar da tace min "ke wai mutanen unguwar nan lafiyarsu ƙalau kuwa, ko tarin wani ban taɓa ji ba", ranar na tabbata zaman ya isheta, kuma wallahi abin ya tsaya min a rai.

To ana cikin haka wani bature abokin aikin maigidan yaji labari, yace yana da karaban a ajiye, in muna so ya ara mana lokacin hutun sati ɗaya da yara ke samu a ƙarshen Mayu, shi da kansa zai ja mana ita har wajen ya kafa ya dawo. Ga wanda bai santa ba, karaban ɗaki ne mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a ja, ciki akwai gado da kujeru da ɗan kicin da firij da banɗaki, komai ƙarami ƙarami. Gaskiya da farko ban so ba, ni a tunanina wanda bashi da muhalli ne ke kwana a irin wannan, nace ya za'ayi in ɗauko uwata tun daga Kano in kaita ta kwana a tirela, me zan cewa 'yan uwa. Sai maigidan yace in bari muje mu gani, in bata yi mana ba ai gida ba nisa.

Wajen da aka kama mana yana gefen Peterborough, a jikin wani makeken filin shaƙatawa da ake kira Ferry Meadows, kamar mil 3 yamma da tsakiyar garin. Daga Lesta hanyar A47 muka bi, kusan mil 40 ne, amma mun daɗe a hanya saboda mai jan karaban doka bata yarda ya wuce mil 50 a awa ba a irin hanyar da ba'a raba ta biyu ba, mu kuma muna bayansa muna binsa a hankali. Umma na gaba tana ta kallon gonaki, alkama kore shar, tumaki ko'ina babu makiyayi, tana ta tambayar ina masu su, waye ke tsaronsu da dare.

Da muka isa ƙofa aka tsayar damu a ofis, ma'aikatan wajen suka duba sunanmu suka bamu taswira da sharuɗɗa, mota kar ta wuce mil 5 a awa a ciki saboda yara, kare dole a riƙe shi da igiya, da dare a rage hayaniya, kowace karaban a daidaita ta da wani ɗan turke da aka kafa a ƙasa domin a samu tazarar mita 6 tsakaninta da ta maƙwabci saboda gobara. Wata ƙungiya ce ke da wajen, Caravan and Motorhome Club, tun 1907 aka kafa ta kuma tana da irin waɗannan masaukai birjik a Birtaniya, wanda ba ɗan ƙungiya ba ana karɓarsa amma da ƙarin kuɗi a kowane dare. Ina fassara wa Umma duk wannan tana jina shiru, sai ta kalli layin fararen ɗakunan nan, ga mutane zaune a ƙofar kowanne da kofin shayi, ga masu jan ruwa ga masu shanya, tace "au, ashe zango kuka kawo ni, wancan na ofis ɗin shine sarkin zangon kenan". Nan take naji tsigar jikina ta tashi, domin kalmar karaban ɗin ma asalinta ayari take nufi, ayarin fatake, daga Farisanci ta shigo Turanci, ni da nake aiki da Turanci kullum ban taɓa haɗa su ba sai da ita da bata jin ko kalma ɗaya ta faɗa. Kakanta bafatake ne, Gwanja yake zuwa da jakuna ya kai kanwa da tufafi ya ɗauko goro, tafiyar watanni, ta taso tana jin labarin madugu da jagaba da yadda ake sauka zango da la'asar a kafa bukkoki a kewaye dabbobi. Daren farko kaf labarin da ta ba jikokinta kenan, labarin da ni kaina rabona da jinsa tun ina firamare.

Matsalar farko da muka ci karo da ita ta kwana ce. Karaban ɗin mai gadon mutum biyar ce, a lissafin mai ita mun dace daidai, ni da maigida da yara biyu da Umma. Amma ina, wace Bahaushiya ce zata kwana ɗaki ɗaya da surukinta, labule kawai a tsakani. Umma bata ce komai ba, sai dai naga ta ƙi shiga, ta tsaya a waje tana gyara mayafi. Allah ya yiwa maigidan albarka shi ya fara ganewa, yace shi da ɗan namijin zasu kwana a rumfar tamfol da ake haɗawa a jikin karaban, mai zif ce ana rufeta ruf kamar tanti, muka shimfiɗa musu katifar iska da bargo biyu biyu. Baturen nan ya kasa gane dalili, yana ta cewa ai akwai gado a ciki, maigidan yace masa girmamawa ce kawai, yayi shiru ya gyaɗa kai ya tayamu ɗaure igiyoyi.

Zaman karaban aiki ne, kar wani ya yaudareku da hotuna. Ruwa sai ka je famfo ka cika wata ganga mai cin lita 40, an yi ta yadda zaka jata tana gangarawa a ƙasa kamar taya, ka kawo gefen ɗakin ka jefa ɗan famfon lantarki a ciki sannan ruwa yazo kicin. Ruwan wanke wanke yana taruwa a wata gangar daban ita ma kai zaka je ka zubar a inda aka tanada. Banɗakin ciki kuma akwati ne a ƙarƙashinsa da ake zuba masa magani, in ya cika a zaro shi ta waje a kai ramin da aka ware, wannan kam maigidan ne ya ɗauke mana, mu dai mun fi amfani da babban banɗakin zangon wanda yake tsaf tsaf da ruwan zafi dare da rana, buta ce kawai dole ka tafi da taka. Abin da ya bani mamaki, duk abinda nake ganin wahala ne ita Umma shi ya dawo da ita hayyacinta. Da sassafe ita ke tasa yara gaba suje jan ruwa, tana tafe tana yi musu faɗan kar su zubar, a hanya duk wanda ta haɗu dashi sai yace mata monin, ita ma ta ɗaga hannu tace monin, kwana biyu kawai ta san fuskar kowa a layinmu, ta san mai kare biyu, ta san tsohon da ke ɗingishi, ta san wadda mijinta baya fitowa sai rana tayi. A Lesta sati bakwai bata san ko mutum ɗaya ba.

Daren farko wutarmu ta ɗauke, mun kunna hita da butar lantarki da tukunyar dafa shinkafa lokaci guda. Ashe wayar da ake jonawa daga turken wuta amp 16 kawai take ɗauka, in ka wuce sai ta katse da kanta. Wani dattijo da ke maƙwabtaka damu ya hango maigidan da fitilar waya yana dube dube, ya fito da rigar barcinsa ya nuna masa inda ake mayar da makunnin, yace in za'a dafa ruwa a kashe hita tukunna ko a yi amfani da gas. Shi da matarsa sun haura shekara 70, sunce tun yaransu na ƙanana suke zuwa wannan wajen, yanzu jikoki suke kawowa. Washegari Umma tace ba'a cin alherin maƙwabci a yi shiru, ta sa na markaɗa wake, ta zauna a kujera 'yar tsugunno a ƙofar rumfa ta soya ƙosai a kan ɗan risho, ta zuba a faranti ta rufe ta aiki babbar jikarta ta kai musu. Yaji yayi musu yawa kam, matar tana ci tana shan ruwa amma ta cinye, da yamma sai ga faranti ya dawo da kek a ciki. Umma ta buɗe ta kalle ni tace "kin gani, sun san ba'a mayar da kwano haka nan, 'ya'yan mutane ne".

Shi kuwa filin, daga zangon tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa ka shiga cikinsa, kuma shiga kyauta ce, mai mota ne kawai ke biyan kuɗin fakin. Girmansa kusan eka 500, kogin Nene ya yi masa ƙawanya ta gefe, a ciki akwai tafkuna uku, Gunwade shine babba inda ake hayar kwalekwale da ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, sai Overton wanda yake haɗe da kogin har jiragen da ke bin kogi suna shigowa su ɗaure, sai ƙaramin cikinsu Lynch. Akwai wajen wasan yara, akwai ɗan ƙaramin jirgin ƙasa na wasa da ke ɗaukar mutane a cikin filin, sannan ta gefe ga jirgin ƙasa na gaske irin na da mai hayaƙi da gawayi, na layin Nene Valley, yana tsayawa a wata 'yar tasha kusa da wajen. Ranar da ya wuce yana busa Umma ta tsaya cak, tace kukan jirgin Nguru kenan sak lokacin suna yara. Yaran sun hau komai, sun yi keke har ƙafarsu ta gaji, wannan ɓangaren bazan daɗe a kansa ba, duk mai yara ya san yadda abin yake.

Abinda nake so in daɗe a kansa asuba ce. A ƙarshen Mayu a nan rana bata faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, kuma kafin ƙarfe 5 na safe ta fito, sallar asuba wajen ƙarfe 3 muke yinta, isha'i kuwa sai kusan 11, barcin kaɗan ne a tsakani. Umma bata komawa barci bayan asuba, tun tana budurwa haka take, to a gida sai dai ta zauna a duhu kar ta tashi mutane. Anan kuwa gari na fara wayewa zata taɓa ni tace "tashi muje", mu saka rigunan sanyi a kan hijabi mu zuge zif a hankali mu fita, zangon tsit sai kukan tsuntsaye da wallahi ban taɓa jin yawansa haka ba, zomaye sun cika ciyawa, raɓa ta jiƙe takalmi. In muka isa bakin tafkin Overton hazo yana kwance a kan ruwa kamar an shimfiɗa auduga, ga dinya garke garke da 'ya'yansu, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga wata ƙatuwar farar tsuntsuwa mai dogon wuya da suke kira suwan. Mu zauna a benci tayi azkar ɗinta da ɗan sauti, ni kuma ina gefe. A nan ne ta bani labaran da bata taɓa bani ba, yadda aka kaita gidan Abbanmu tana 'yar shekara 15, da ɗan da ta haifa kafin ni wanda bai yi kwana arba'in ba, Allah ya jiƙansa. Shekara nawa ina ƙasar nan muna waya kusan kullum, gaisuwa ce kawai da ya yara ya aiki, ban san akwai maganar da sai an zauna kafaɗa da kafaɗa babu mai sauri take fitowa ba.

Rana ta uku muka zagaya har gadar Milton Ferry, tsohuwar gada ce ta farin dutse da aka gina a 1716, kafin ita da kwalekwale ake fito a wajen, daga nan ma sunan filin ya samo asali. A hanya maigidan yake karanta mana allunan bayani, akwai inda aka tono burbushin ginin Rumawa, mutanen da suka zauna a wannan kwarin kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Amma abinda ya kama ni shine tafkunan nan ashe ba na asali bane. A 1967 gwamnati ta ayyana Peterborough cikin garuruwan da za'a faɗaɗa domin rage cunkoson Landan, ana buƙatar tsakuwa da yashi na tituna da gidaje, sai aka haƙa a wannan fadamar, kuma tun kafin a fara haƙar an tsara cewa ramukan zasu zama tafkuna, filin kuma a barwa jama'a. A 1978 aka buɗe shi, a 1988 aka damƙa shi a hannun wata gidauniya mai suna Nene Park Trust bisa hayar shekara 999, wato dai an rufe ƙofar wani yazo gobe ya yanka shi fuloti fuloti. Da na gaya wa Umma sai tace "kududdufi ne kenan". Eh wallahi kududdufi ne, irin namu na cikin birni da aka haƙi ƙasar ginin gidaje da ganuwa, wanda ruwan damina ke gangarawa ya kwanta a ciki. Ta fara lissafo min na unguwarsu da ta sani tana yarinya, wannan an cike shi da shara an yi shaguna, wancan an yi gidaje, yanzu in an yi ruwan awa biyu sai ya rasa inda zashi ya shigo wa mutane ɗaki. Dattijon maƙwabcinmu ya faɗa mana cewa anan da hunturu in kogin ya cika ruwa yana malalowa ya shanye hanyoyin filin da ciyawar, kuma da gangan aka barshi haka, gara ya kwanta anan da ya shiga gari. Raina ya ɓaci ranar ba kaɗan ba, domin ba wata fasaha bace da ta fi ƙarfinmu, kakanninmu sun san amfanin kududdufi sarai, mu ne muka cike abinmu da hannunmu.

Ba komai ne yayi min daɗi ba. Karnuka sun yi yawa, kusan kowace karaban da nata, duk da suna ɗaure Umma kullum a takure take kar wani ya shinshina mata zani ga sallah, sai da na roƙi wata mata ta ɗan janye nata, ta janye kuwa ba musu. Daren Alhamis an kwana ana ruwa, ƙarar sa a kan rufin kamar ana watsa tsakuwa a kwano, rumfar su maigida ta ɗan yi yoyo ta gefe ɗaya bargo ya jiƙe. Kuɗin wajen ma ba kaɗan bane lokacin hutun makaranta, in ka haɗa da mai da gas ba lallai yafi otal araha sosai ba. Sannan a cikin zangon mu kaɗai ne baƙaƙen fata, mu kaɗai ne masu hijabi, ranar farko ana ɗan kallonmu, ba kallon wulaƙanci ba amma kana jinsa a jikinka. A cikin filin kuwa labari daban ne, da rana cike yake da iyalai 'yan Pakistan da Larabawa da 'yan Afirka da tabarmi da kuloli, domin Peterborough gari ne mai Musulmi da yawa. Ranar Juma'a maigidan ya tafi da yaron babban masallacin nan mai koren ƙubba da ke titin Gladstone, suka biya Lincoln Road suka sayo naman halal, da yamma muka gasa a ƙofar rumfa da yajin ƙuli da Umma ta taho dashi tun daga gida. Mun leƙa tsakiyar gari sau ɗaya mun ga babbar majami'arsu da aka fara ginawa a 1118, gini ne na ban mamaki, amma Umma minti ashirin tace mu koma, ta bar shanya a waje.

Ranar tafiya dole a bar wajen kafin azahar. Mai karaban yazo da motarsa, aka naɗe rumfa aka zubar da ruwa aka cire waya aka ɗage ƙafafun ɗakin, Umma ta bi filin da muka zauna tana tsince ko ɗan ƙyallen leda. Matar maƙwabcinmu ta fito suka riƙe hannun juna sun daɗe, wannan na Turanci wannan na Hausa, Umma na cewa Allah ya bada lafiya Allah ya raya jikoki, ita kuma tana ta faɗin nata, babu wanda ya nemi in fassara.

Umma ta koma Kano a watan Yuli. Cikin Agusta aka yi wani ruwa mai ƙarfi da dare, na kira da safe in ji lafiyarsu, tace ruwa ya shigo har tsakar gida sun kwana kwalfa amma da sauƙi, ɗakin baya ne kawai ya jiƙe. Har zamu yi sallama sai tace "ke, wannan fadamar taku ta zango fa, ta cika kuwa?" Nace mata tasu sai hunturu take cika, wajen Janairu. Tace to in lokacin yayi in je in ɗauko mata a waya tana so ta gani, kuma in duba mata ko bencinmu ruwa yana kaiwa wajen.